Mishan a ƙasar Arewa: sun zo don azna, ladan ya riga su

A shekarar 1947 limaman Katolika suka kafa mishan a Dogon Dutsi, kuma lissafin da ya kawo su ba ɓoyayye ba ne. Musulunci ya daɗe da zama da gindinsa a Agadas da Damagaram da Sayi. Amma a kwarin Dallol Mawri, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai, akwai ƙasar Arewa, ta Arawa da Gubawa, wadda Sakkwato da Gwandu ba su taɓa yi mata riƙon kirki ba duk tsawon ƙarni na 19. Mutanenta Hausa suke yi, gero suke nomawa, suna yanka wa iskoki akuya da kaza, kuma da yawansu ba su taɓa kai goshi ƙasa ba. Ga mai wa'azin Kirista da ya gaji da ƙwanƙwasa ƙofofin da ba su buɗuwa, wannan gona ce da ba a riga an shuka ba.

Fiye da shekara 75 ke nan. Cocin na nan, makarantar na nan, gonar kuwa wani ya girbe. Dogon Dutsi garin Musulmi ne, haka Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari, haka Tibiri da Dumega da Kore Mairuwa a gundumar da aka yanka daga Dogon Dutsi a 2011. Ƙidayar 2012 ta nuna kusan kashi 99 cikin 100 na 'yan Nijar Musulmi ne, Kiristoci ba su kai ko kashi 1 ba, kuma Katolika wani yanki ne kawai na wannan ɗan abin. Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne abin da baƙin suka yi bayan da lissafinsu ya rushe. Ba su naɗe kaya ba. Sun sake wa aikin nasu ma'ana, kuma a nan ne ake ganin abin da suka iya fahimta na mutanen da suka sauka a wurinsu, da abin da ya gagare su.

Da farko, cocin Katolika ba limami ɗaya ba ne da ake aikawa ko'ina. Akwai ƙungiyoyi na masu alkawarin talauci da biyayya da zama ba aure, kowace da wanda ya kafa ta, da tarbiyyarta, da irin aikin da ta ƙware a kai. Musulmin da ya san yadda Ƙadiriyya da Tijjaniyya suke alƙibla ɗaya amma kowa da wuridinsa ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Ruma kan danƙa wa ƙungiya guda yanki guda ta ce ga naki. Saboda haka irin Kiristancin da gari ya fara gani ya danganta da wace ƙungiya ce rabonta ya faɗo a kansa.

Ƙasar Hausa ta fara ganin irinsu tun da daɗewa. Wasu 'yan ƙungiyar Faransiskan biyu sun taso daga Tarabulus, suka ratsa ta Agadas, suka iso ƙasar Katsina a 1711, cuta ta kashe su can ba su bar kowa a bayansu ba. Sai bayan shekara 220, a 1931, Fada François Faroud na ƙungiyar SMA ya buɗe mishan na farko a Yamai. Ita SMA an kafa ta ne a birnin Liyon na Faransa a 1856, kuma ƙarfinta yana bakin teku, a Dahome da Togo da kudancin Najeriya. Jama'arta ta farko a Yamai da Damagaram ma 'yan can ne: akawu, kafinta, direba, sojan da aiki ya kawo. Ruma ta ware Nijar a matsayin yankin mishan mai zaman kansa a 1942, sannan a 1948 ta miƙa shi ga wata ƙungiya daban, ta Redamtoris, ƙarƙashin Constant Quillard.

Waɗannan mutanen karkara ne tun asali. Alfonso Liguori ya kafa ƙungiyar a 1732 a tsaunukan da ke kusa da birnin Nafoli na Italiya, don makiyaya da manoman da limaman birni suka yi watsi da su. Cocin Dogon Dutsi yana ɗauke da sunan ɗaya daga cikin waliyyansu, Jerar Majela, wani tela da ya rasu a 1755 yana da shekara 29, wanda mata masu ciki na Katolika ke kamun ƙafa da shi. An horar da su su shiga ƙauye su farfaɗo da imanin mutanen da aka riga aka yi wa baftisma tun suna jarirai. Ba a horar da su su zauna gaban Sarauniyar Lugu ba.

Abin da suka tarar

Wanda ya ɗauka azna mutane ne marasa addini da ke jiran mai kawo musu, bai san Arewa ba. Akwai tsari, kuma tsoho ne. Gubawa su ne masu ƙasa, su suka yi alkawari da iskokin wurin tun farkon zama. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji su ne manyan masu riƙe da wannan alkawari, kuma ruwan sama da lafiyar amfanin gona suna cikin abin da ake duban su da shi. Sarautar mulki kuwa ta Arawa ce, waɗanda ke danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari. Mai ƙasa daban, mai mulki daban, kowa ya san iyakarsa.

Dubi yadda ake samun magajin Sarauniya ko Baura. Ba taron masu zaɓen sarki ake yi ba. Tarkama ake yi: a shirya gawar mai rasuwa, maza su ɗauke ta a ka, su yi ta tafiya da ita cikin jama'a. Masu ɗauka suna cewa ba su ke tafiya da ita ba, ita ke jan su. Tana iya wuce gidaje, ta juya, ta koma, har ta je ta dunguri wanda iskoki suka zaɓa. Wanda ta taɓa ba shi da ta cewa. A kusa da Lugu kuma akwai dutsen Tunguma, da ake kai wa ƙarar sata da rikicin da ya gagari mutane, a yi masa tambaya ya ba da amsa. Ga bori a cikin gari, da gogensa da ƙwaryarsa, da sarkin bori, da gyaran da ake yi wa wanda iska ta kama har ya zama dokinta. Mace ta yi ta ɓari, yaro ya ƙi lafiya, tsawa ta faɗa a gida, duk akwai wanda ake zuwa wurinsa, akwai abin da ake yi.

Kuma mutanen sun riga sun san Nasara ta wata fuska. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki da toka tun daga bakin Kwara har Birnin Ƙonni, ta afka wa Lugu, Sarauniya Mangu ta tare ta da maharbanta. Labarin da Abdoulaye Mamani ya mai da littafi a 1980, Med Hondo ya mai da fim a 1986, tsofaffin da fada ya tarar a 1947 wasunsu da idonsu suka gani. A 1906 Faransawa suka zaunar da barikinsu a Dogon Dutsi, garin ya shiga gaban Matankari. Haraji, aikin dole, ɗibar soja. Sai a 1946 aka soke aikin dole. Wato fada ya iso shekara guda bayan an sauke wa mutane wannan kaya, da fatar kwamanda, da harshen kwamanda. Ko da bai taɓa riƙe bulala ba, sai ya yi shekaru yana nuna shi ba ɗan bariki ba ne.

Wannan sakin da aka yi wa mutane daga aikin dole shi ne ya buɗe hanya, amma ba fada ya bi ta ba. Samari suka fara fita cin rani, zuwa Sakkwato da Kano da Kumasi. A zango ba mai ba ka masauki ko bashi ko 'ya idan ba ka salla. Su dawo da keke da rawani da buta. Kasuwanci ya koma hannun alhazai, kuma zama Musulmi ya zama shi ne zama mutumin da ya waye, wanda ya ga duniya. Musulunci bai ce wa mai mata uku ya saki biyu ba. Bai ce sai ya yi shekaru yana karatun katekisim kafin a karɓe shi ba. Malamin da ke kiransa maƙwabcinsa ne, harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya. Adeline Masquelier, mai nazarin al'adu da ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta fitar da littafi a 2001 wanda ta ciro sunansa daga koken 'yan bori cewa salla ta ɓata komai. A lura da kyau: salla suka yi kuka da ita. Coci bai kai ya zama abin kuka ba.

Akwai ma wani abin da ya fi ciwo ga Katolika. Su ba su kaɗai ba ne masu wa'azin Almasihu a yankin. Mishan ɗin SIM, na Furotesta 'yan Amurka da Kanada, ya shigo Nijar ta Damagaram tun 1924, ya yi tashoshi har a Dogon Dutsi da Geceme. Su da Hausa suke komai, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 a hannunsu. Fada kuwa har shekarun 1960 da Latin yake addu'ar Mas, ya ba jama'a baya, makarantarsa kuma Faransanci take koyarwa. Shi ya sa har yau yawancin Hausawan Nijar da suka zama Kirista 'yan cocin bishara ne. Amma abin ya zo da juyi. Kamar yadda Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, SIM ta yi ta jan ƙafa wajen ba yara ilimin Faransanci, mabiyanta suka ji an tauye su. Katolika da suka rungumi lakwal sai suka zama masu abin da kowa ke so, har wanda ba ya son addininsu.

Bayan taron Batikan

An yi babban taron bishof-bishof na duniya a Batikan daga 1962 zuwa 1965, kuma Nijar ta samu wakili: Hippolyte Berlier, ɗan Redamtoris, wanda ya zama bishof na farko na Yamai a 1961. Taron ya halatta ibada da harshen mutane. A ranar 28 ga Oktoban 1965 ya fitar da takardar da ake kira Nostra Aetate, wadda a cikinta cocin ya ce yana duban Musulmi da mutunci, domin suna bauta wa Allah ɗaya, suna girmama Isa da Maryamu, suna salla da zakka da azumi, ya kuma nemi a bar tsohuwar gaba a baya. Ga cocin da ke zaune cikin teku na Musulmi, wannan izini ne na ya daina auna kansa da yawan waɗanda ya yi wa baftisma.

Tunanin ba sabo ba ne, an dai daɗe ana binne shi ana tonowa. Tun 1659 ofishin mishan na Ruma ya gargaɗi waɗanda ya aika Sin da kada su kwashi Faransa ko Sifen ko Italiya su kai can, imani kawai za su kai. Matteo Ricci na ƙungiyar Jezuwit ya sa rigar malaman Sin ya karanci littattafansu. Sai Ruma ta haramta irin sassaucin da magadansa suka yi kan girmama kakanni, haramcin da aka ƙarfafa a 1742, ba a ɗage shi ba sai 1939. Kusa da mu, Charles de Foucauld ya zauna da Buzaye a Tamanrasat, ya ƙarar da shekarunsa yana tattara ƙamus na harshensu, aka kashe shi a 1916 bai tara jama'ar Kirista ba. Wannan salon na zama tare da mutane ba tare da ƙirga kawuna ba shi ne cocin Nijar ya ɗauka. Berlier da kansa, da ya ajiye muƙami a 1984, bai koma Faransa ya huta ba, ya nufi arewacin ƙasar wurin makiyaya, ya rasu a 1992.

A Dogon Dutsi ana ganin sakamakon a abubuwa ƙanana. Makarantar mishan cike take da 'ya'yan Musulmi, iyayensu suna biyan kuɗi da saninsu, yaro ya tashi daga lakwal ya wuce makarantar allo da yamma. Mishan ɗin ya buɗe cibiyar Waye Kai, mai ɗakin karatu, ƙofarta a buɗe ga kowa, kuma ɗan makarantar da gidansu ba littafi ba fitila ya san amfaninta fiye da mai rubuta rahoto. A shekarun fari, 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985, da yunwar 2005, hukumomin agajin coci suna cikin masu raba hatsi a ƙasar, aikin da hukumar agajin coci ta CADEV ke ci gaba da shi. A ibadar Lahadi kuma Hausa ta samu wuri kusa da Faransanci, ganga da tafi suka shiga inda dā sai Latin. Mai karanta bishara yana cewa Allah, yana cewa annabi, mala'ika, zunubi, gafara, albarka. Da yawa cikin kalmomin da Kirista Bahaushe ke addu'a da su ta hannun malaman Musulunci suka shigo harshen.

Ba kowa ya yarda da wannan zama ba. A farkon shekarun 1990 Izala ta shigo Dogon Dutsi daga Najeriya, ta raba masallatai da gidaje, kuma cikin masu wa'azi ba a rasa mai cewa alherin mishan ƙugiya ce da aka sa wa nama. Zargin ba daga sama ya faɗo ba. A wurare da yawa a Afirka an yi amfani da makaranta da asibiti wajen jan mutane, kuma cocin bai taɓa cewa ya daina fatan mutane su bi Almasihu ba. Amma a ganina shekarun sun ba da tasu shaida. Tsara bayan tsara ta ratsa ajin mishan ta fito da sallarta, wasu sun zama likitoci da malaman makaranta da alhazai. In tarko ne, to ya yi shekara 75 bai kama abin kirki ba, kuma masu shi suna ta zuba masa kuɗi. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne sun yarda da zaman baƙunci da gaske, ko da wasunsu da ciwon rai suka yarda.

Inda nake ganin aikin ya tsaya rabi shi ne wajen waɗanda aka zo dominsu tun farko. Takardar 1965 ta ambaci Musulmi da Yahudawa da 'yan Hindu da mabiya Buda da sunansu. Addinan gargajiya na Afirka kuwa an dunƙule su cikin jimla guda ba suna. Musulunci yana da littafi, da malamai, da limamin Juma'a da bishof zai kai wa gaisuwar salla, shi kuma ya rama da ta Kirsimati. Wa za a aika wa takardar gayyata a Bagaji? Da wane harshe za a tattauna da matar da iskar bori Doguwa ke hawa? An karɓi gangar azna an sa a coci, an karɓi ƙwarya da rawa, domin waɗannan ba su da haɗari. Tambayoyin da bori ke amsawa, na ciwon da asibiti ya kasa, na ɓarin da ya ƙi ƙarewa, na tsoron maita, su aka bari a bakin ƙofa. Limamin da ya yi karatun falsafa a Turai yakan ce wa mai irin wannan damuwa ya je likita. Malam yana da rubutu da laya da ruƙiyya. Fasto na sababbin coci-coci yana da addu'ar korar aljanu. Mai ciwo kuwa inda aka ɗauki ciwonsa da gaske yake zuwa. Taron bishof-bishof na Afirka da aka yi a Ruma a 1994 ya nemi a girmama addinin gargajiya a yi nazarinsa, amma a Arewa kiran ya zo lokacin da masu shi suka riga suka zama 'yan tsiraru, wasunsu suna salla da rana suna zuwa wasan bori da dare.

Ɗan Arewa da ya zaɓi shiga Katolika shi ke ɗaukar nauyin da ba a faɗa a taron tattaunawar addinai. Wa zai ba shi mata? In ya mutu wa zai yi masa wanka, a wace maƙabarta? Ranar suna wa zai yanka ragon da 'yan'uwa za su yarda su ci? A ƙauyen da gandu da gado da gayya duk a hannun dangi suke, sauya addini ba magana ce ta zuciya kaɗai ba. Shi ya sa da yawa cikin masu cika bencin coci a garuruwan Nijar har yau ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga Benin da Togo da Burkina da Najeriya.

A tsallaken iyaka abin ya ɗan bambanta. 'Yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka sun karɓi yankin Sakkwato a 1953, kuma cikin Maguzawan Katsina da Kano an samu ƙauyukan da suka shiga Kiristanci gida-gida, ta yadda mai shiga bai rasa dangi ba. Daga cikin Kiristocin Malumfashi aka samu Gerald Mamman Musa, wanda aka naɗa bishof na farko na Katsina a 2023. Arewa ba ta ga irin wannan ba.

Zaman lafiyar da aka gina ma an gwada shi. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin mujallar Charlie Hebdo, masu zanga-zanga sun ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai. Hukuma ta ƙirga coci 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Zanen a Faris aka yi shi, masu yinsa ba ruwansu da coci, amma tsohuwar alaƙar fada da Faransa ta dawo ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A ranar 17 ga Satumban 2018 'yan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli na SMA daga Bomowanga, kusa da iyakar Burkina, ba a sako shi ba sai Oktoban 2020 a Mali. Tun daga nan Bature mai zama a ƙauye ya yi wuyar gani, kuma ita kanta gundumar Dogon Dutsi ta ɗanɗani hare-hare ta gefen arewa da na iyakar Najeriya.

Yanzu shugabancin ya koma hannun 'yan Afirka. Bayan Berlier an yi Guy Romano, sai Michel Cartatéguy na SMA, sannan a 2014 aka naɗa Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, ɗan Nijar na farko da ya riƙe Yamai, kuma Dogon Dutsi a ƙarƙashinsa take. Maraɗi, da aka ware a 2001, ɗan Burkina Ambroise Ouédraogo ne ya fara riƙe ta. Limamai da sistocin da ake turowa yanzu galibi daga ƙasashen maƙwabta suke, kuma wannan bai rage aikin koyo ba. Wanda ya taso a garin da ƙararrawar coci ke tashin mutane da asuba, inda kawunsa katekis ne, innarsa shugabar zumuntar mata, in aka sauke shi a Dogon Dutsi, a gindin Tozon Bijini, sai ya fara daga gaisuwa. Zai koyi Hausa, sannan ya gane ta littafi daban ta Arewa daban. Zai koyi ɗaga taron iyayen yara saboda azumi, da wanda ake fara kai wa gaisuwa tsakanin sarki da liman da shugaban gunduma. Yawancinsu shekaru kaɗan suke yi ƙungiyarsu ta ɗauke su ta kai wani wuri, sabo ya zo ya faro daga gaisuwa shi ma.